Ƙafar Kaza a Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Ranar Talata da hantsi takardar hukuma ta iso. Kafin rana ta take, Manaja ya ɗaga labulen da ya raba gaban shago da bayansa, abin da ya kwana biyu bai yi ba, ya dire sabon magagari a kan bencin yayansa.

Yayan, wanda kowa a layin ke kira Likita don shi ake kai wa keken ɗinki in ya kwanta, yana wanke haƙoran wani keke a kwanon kananzir. Bai ɗago ba. Ya san ba gaisuwa ta kawo ƙanin nasa ba, don farar rigar Manaja da baƙin man bayan shago ba sa shiri.

A tsaye Manaja ya yi bayani, yana tattare bakin riga. Wata mata da ta sayi keke watan jiya ce ta kai ƙara hukumar kare masu saye, wai an sayar mata da tsoho da sunan sabo. Keken nata yana ofishinsu. Jibi Alhamis ƙarfe goma za su zo su buɗe duk abin da ke shagon. Wanda ya kawo takardar ya riga ya ƙirga kwalayen da ke jere a gaba, goma sha ɗaya, ya sa wa kowanne lamba da jan biro, ya ce kada ko ɗaya ya bar wurin. In suka tabbatar da ƙarar, ƙofa za su garƙame.

"Yaya, zanen nan naka ne zai kashe mu," in ji shi. "Ka goge min shi, duka sha ɗayan, ka bi da baƙin fenti. Nata kuwa na san abin da zan ce. Musanya ta yi a gida."

"Auta, ka taɓa ganin an yi wa keke fenti a ƙasa?"

"Jibi za a fara gani."

Ya saki labule ya koma gaba.

Zanen kuwa ga yadda yake. Idan aka kwantar da kan keke ta baya, kamar in za a ɗiga masa mai, akwai wani leɓen ƙarfe a ƙasa wanda ba a ganinsa sai an leƙa. A nan mahaifinsu yake sa hannu. Tsohon, Allah ya jiƙansa, bai taɓa riƙe biro ba, ƙusa ce alƙalaminsa. Duk keken da ya gyara sai ya zana ɗan tsani mai hawa uku, ya sa lambar shekara a gefe, iyakar bokonsa ke nan. Dokarsa ɗaya ce. In keke ya dawo da ciwo, a juya shi. In an ga hannunka a jiki, ka ja bakinka ka tsuke, ka gyara kyauta. Likita ya gaji dokar, sai dai shi alamarsa ƙafar kaza ce, zane uku da suka haɗu a gindi. Shekara arba'in da ɗoriya yana yinta, har hannunsa ya daina neman izininsa. Yana ɗaure noti na ƙarshe, ƙusa ta fito daga aljihu. Shi ya sa hatta kekunan da ake liƙa wa tambarin kamfani a cusa a kwali, duk da ƙafar kaza a ƙasansu da lambar bana, kusa da tsofaffin alamun da suka zo da su.

Kada wani ya ce Likita bai san abin da ake yi a gaba ba. Ya sani sarai. Abin dai a hankali ya zo, shi kuma ya kawar da kai.

A da, layin nan na teloli ne daga wannan kai zuwa wancan. Da gari ya waye za ka ji kekuna sun tashi gaba ɗaya kamar ruwan sama a kan kwano. Ƙyallaye ja da kore da shuɗi cike da kwata, warin dutsen guga na gawayi ko'ina. Mahaifinsu yana zaune a bencin nan zai karkata kunne ya ce wa Likita ya je ya faɗa wa telan shago na shida cewa bel ɗinsa ya saki, tun mai keken bai lura ba. Yanzu telolin wasu sun mutu, wasu sun koma keken lantarki, shagunan sun zama na waya da caji. 'Ya'yansu suka riƙa kinkimo kawunan kekuna suna kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, ana ɗora su a sikeli kamar buhun gawayi. Ranar da Likita ya fara ganin haka, abinci bai shiga cikinsa ba.

Manaja ne ya ce su riƙa saye suna gyarawa, kuma ranar Likita ya ji kamar ya goya shi. Auta ne a gidansu, yana makaranta tsohon ya rasu, Likita ne ya ƙarasa rainonsa. Da ya dawo da takardunsa ya sa gilashi da tayil da fanka a gaban shago, 'yan layi suka laƙaba masa Manaja don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu. Da farko ana faɗa wa mai saye gaskiya. Sai mutane suka riƙa taɓe baki suna taya kuɗin banza. Sai aka samo tambari. Sai aka samo kwali da leda da ɗan littafin kamfani. Likita ya daina bi ta ƙofar gaba, ya koma shiga ta lungu. In abin ya dame shi, sai ya ce wa kansa ai keken da ya bi ta hannunsa ya fi sabon yanzu sau goma. Na yanzu gwangwani ne, ka ɗaga shi da hannu ɗaya, wata shida ya fara tsallaken zare. To wa aka cuta? Da wannan maganar ya yi shekara huɗu yana barci.

Da yamma ya ba mai ɗakinsa labari suna zaune a tsakar gida. Ta ce ita ba ta yi mamaki ba, mutumin da ya zana ƙafar kaza a gindin dutsen gugarta, da fankar ɗaki, da fitilar da ya canza wa lagwani kawai.

"Ni ma in na mutu a duba tafin ƙafata, ƙila tana nan," ta ce.

Bai yi dariya ba. Ita ma sai ta bari. Ta tuna masa 'ya'yan Auta biyar ne, kuma shagon nan ne cinsu da shansu, da nasu ma. Ta ce in aka manna jar takarda a ƙofar da Baba ya kafa da hannunsa, dangi ba za su tambayi wa ya sayo kwali ba, cewa za su yi babba yana nan aka yi. Can kuma ta ce ita matar da za a ce ta yi musanya fa, ita ma 'yar wani ce. Ya tambaye ta to ya zai yi. Ta ce ita ba ta taɓa gyara keke ba.

Ranar Laraba da safe ya kwaso kwalayen ɗaya bayan ɗaya zuwa baya, ya jera su jikin bango. Ya buɗe na farko, ya ɗora kan a benci, ya kwantar da shi. Kafin ya leƙa sai ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ba tabarau, allura ma ba ya gani, balle zanen ƙusa. Haka yake so. Ya lalubo leɓen da yatsa, ya ɗora magagari.

Tsohon ƙarfe ne mai taurin kai, sai da gumi ya jiƙa masa baya. Garin ƙarfe ya taru a benci kamar toka. Da ya shafa ya ji sumul, ya hure wurin, ya tayar da keken zaune. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba, ya murza wili don jin lafiyar keke.

Keken ya yi tari.

Wani ɗan ƙaramin tari ne da yake yi duk lokacin da allura ta kai ƙololuwa za ta sauko. Ba ciwo ba ne, haka aka ƙera shi, mahaifinsu ya yi fama da shi ya haƙura. Keke ɗaya ne a duniya mai tarin nan, na wani tsohon telan layin da ake kira Dogon Tela. Fenti da tambari sun sa duka sha ɗayan sun zama kamar 'yan uwa ɗaya, amma murya ba ta fentuwa.

Likita ya mayar da tabarau, ya sake kwantar da keken. Wurin fari tas, yana ƙyalli.

Wata uku da suka wuce, da ɗan Dogon Tela ya kawo kan nan a buhu, Likita ya daɗe zaune yana kallon leɓen. Tsani biyar ne a jere. Bayansu wata karkatacciyar ƙafar kaza, yatsa ɗaya ya fi sauran tsawo. Ita ce ta farko a rayuwarsa. Yana da shekara sha bakwai, ya kwance keken nan shi kaɗai ya mayar, tsohon ya murza wili, ya saurara, ya zaro ƙusa ya miƙa masa. Ya fara zana tsani, tsohon ya buge masa hannu ya ce tsani nasa ne, ya nemi nasa. Ya rasa abin da zai zana, sai ga kazar maƙwabta ta ratsa ta cikin man da ya zube, ta bar sawu a siminti. Dogon Tela yana tsaye kansa na taɓa rufi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar in ya zo karɓar keke sai ya ce, to Likita, kazar ta sake taka min? Shi ya raɗa masa sunan ma. Shi ya ɗinka masa rigar da ya sa ranar da ya ɗauko mai ɗakinsa, a kan keken nan mai tari, ya ƙi karɓar komai.

Duk wannan yana cikin garin ƙarfen da ke kan benci.

Ya zauna har rana ta juya. Gwangwanin fenti yana gabansa bai buɗe ba. Ya jawo kwali na biyu, ya buɗe, ya kwantar da kan, ya ɗauki magagari. Wannan karon tabarau na idonsa. Ya ga tsani biyu da ƙafar kaza huɗu. Ya ajiye magagarin. Ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. Daga ƙarshe ya mayar da kowane keke ledarsa, har da wanda ya goge, ya kwashe kwalayen ya jera su a gaba yadda suke.

Manaja yana kan waya. Ya toshe bakinta da hannu ya tambaya ko an gama.

"Na rufe kwalayen," in ji Likita.

Wannan ma ƙarya ce, riga kawai ta sa. Bai iya gogewa ba, bai kuma iya kallon Auta ya ce ya ƙi ba. Ya san Manaja ba zai duba ba, don rabonsa da ɗaga kan keke tun yana ɗan makaranta.

Ranar Alhamis goma saura suka iso. Shugabarsu mace ce, gajera, da takalmi marar tsini irin na mai yawan tsayuwa. Maza biyu na biye da ita, ɗaya da littafi, ɗaya rungume da keken da ake ƙara a kansa. Bayansu mai ƙarar ce, matashiyar mata da tef ɗin awo rataye a wuya, da alama daga wurin aiki ta taso. Manaja ya fito da lemo mai sanyi ya jera. Jami'ar ta yi godiya, ta bar shi a tebur yana zufa.

Ta ce a kira duk wanda ke aiki a shagon. Haka Likita ya ɗaga labule ya fito gaba, yana goge hannu da tsumma, yana taka tayil kamar baƙo.

Mai ƙarar ta rusuna ta gaishe shi, ta ce Baba ba ka gane ni ba. Bai gane ta ba. Ta ce ita 'yar Mai Rediyo ce, telan kan kwana. Sai ya ga goshin uban a fuskarta. Mai Rediyo, wanda ba ya iya ɗinki sai akwati na magana, in batir ya mutu ranar an tashi aiki. Ya tambayi lafiyar uban nata, ta ce bara ya rasu. Ya yi mata gaisuwa, kunya ta rufe shi, don ko labari bai ji ba.

Jami'ar ta sa ta maimaita ƙararta. Ta ce sabo ta nema, sabo aka ce mata, kuɗin sabo ta biya. Da ta kai gida ta kwantar da shi za ta sa mai, sai ta ga tsani da ƙafar kaza, irin waɗanda ta tashi tana gani a ƙasan keken babanta, kuma lambar farko ta girme ta. Ta dawo ta yi magana, Manaja ya ce mata a gaban mutane ba ta san sabo ba ne don ba ta taɓa mallakarsa ba.

Manaja ya gyara tsayuwa. Ya ce shi kayansa daga kamfani suke zuwa a rufe, wanda ke hannun hukuma ba shi ya sayar ba, an canza kai a gida. In ana shakka ga kwalaye nan, a buɗe kowanne aka ga dama. Har ya miƙa wa mai littafi reza.

Jami'ar ta nuna mai lamba bakwai. Aka farke, aka zaro, aka kwantar a tebur. Ta haska fitilar wayarta ta leƙa. Ta daɗe. Sannan ta matsa gefe ta ce wa Manaja ya zo ya gani.

Ya leƙa. Bai dubi yayansa ba, amma Likita ya ga jijiyar wuyansa ta tashi. Aka buɗe na uku, aka buɗe na tara, duk kanwar ja ce. Manaja ya share goshi ya ce ai wannan alamar masu duba kaya ce a kamfani, kowane keke da ita yake fitowa, ya manta ne bai faɗa ba.

"Ɗazu ka ce nata ba naka ba ne," in ji jami'ar. "Yanzu ga alamarsu iri ɗaya."

Ya ce kamfani ɗaya ne ai.

Ta juyo wajen Likita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita aikinta da hujja yake tafiya. In ba wanda ya san zanen nan, za ta ɗauki keke biyu, ta rubuta wa kamfanin da sunansa ke jikin kwali, a jira amsa, wata uku ko shida, shago yana buɗe kafin nan. In kuwa akwai wanda ya san shi, yau za a gama.

"Baba, kai ne mai gyara. Ka san wannan zanen?"

Fanka tana juyawa. Mutanen layi sun fara taruwa a bakin gilashi. Wata shida tafiya ce mai nisa, kuma Manaja ya san mutane, Likita ya san da haka. Abin da ake nema a wurinsa kaɗan ne, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi gyara kawai yake yi.

"Yaya," in ji Manaja, a hankali, da muryar da yake kiransa da ita tun yana tsoron karen maƙwabta.

Likita ya dubi 'yar Mai Rediyo. Tana murza bakin tef ɗinta, idonta a ƙasa. Ya gyara tabarau, ya sunkuya kan mai lamba bakwai, ya ɗora yatsa.

"Wannan tsanin na mahaifinmu ne. Shekarar da aka yi ambaliya ya sa shi, ruwa ya shiga keken. Wannan ƙafar kazar tawa ce, na canza masa haƙora. Wannan ma ni ne. Ta ƙarshen nan ta bana ce, ni na wanke shi na yi masa fenti. Keken Sarkin Aljihu ne, wanda ba ya ɗinka riga sai da aljihu huɗu."

Wani dattijo a bakin ƙofa ya ce Allah ya jiƙan Sarkin Aljihu.

Daga nan bakin Likita ya ƙi tsayawa. Ba wanda ya tambaye shi, amma ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya ana buɗe masa. Wannan na tagwayen da ke ɗinki a keke ɗaya ne, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya karya allura. Wancan na telan da ya yi wa wani ango wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya ce ƙafar angon ce ba daidai ba. Mutanen bakin ƙofa suna dariya suna ƙara masa abin da ya manta. Mai littafi ya rubuta har ya gaji, ya tsaya yana saurare. Manaja ya zauna a kujerarsa, ya zuba wa lemon nan ido.

Aka zo kan mai lamba ɗaya. Jami'ar ta haska, farin ƙarfe ya mayar mata da haske.

"Wannan fa?"

"Ni na goge shi. Jiya."

Ta tambaye shi ko ya san taɓa kaya bayan takardar hukuma ta zo laifi ne daban, mai zaman kansa. Ya ce bai san dokar ba, amma tun yana yi ya san ba abin kirki yake yi ba. Ta tambayi wa ya sa shi. Ya ce hannunsa ne ya riƙe magagarin. Ta dube shi, ta dubi Manaja, ta ce wa mai littafi ya rubuta yadda ya faɗa.

Sai kuma abin da ke cin Likita shekara huɗu ya fito. Ya ce ranki ya daɗe, a kawo sabon keke daga kowane kanti a ajiye kusa da waɗannan, a ba su buhu su ɗinka, a ga wanda zai fara kuka. Ya ce bai taɓa sa wa kowa ruɓaɓɓen abu a kwali ba.

"Na yarda, Baba," ta ce. "To me ya hana ku faɗa? Ba wanda ya hana sayar da tsoho. Ku rubuta a jiki, tsoho ne, an gyara, ga wanda ya gyara. Mai so ya saya da saninsa."

Ya naɗe tsummansa ya koma gefe.

Kafin rana ta yi tsaka an gama. Aka kwashe kwalaye da tambura da 'yan littattafan kamfani aka zuba a mota. Aka ce duk wanda ya sayi keke a shagon za a neme shi, ya zaɓa, ko ya dawo da shi a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a mayar masa da abin da ya hau. Gaban shago zai zauna a rufe kwana talatin, kuma su biyun za su je ofis ranar Litinin, kowa da takardarsa. Ƙofar lungu ba a taɓa ta ba, jami'ar ta ce gyaran keke ba laifi ba ne. Mai littafi ya ja ƙofar ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya manna jar takarda daidai inda tsohon ya taɓa kafa ƙusar rataye fitila. Likita ya tsaya a titi yana kallo, mutane na kallonsa.

'Yar Mai Rediyo ta matso ta tambaye shi nata na waye. Ya ce na wata gwauruwa ce da ta yi shekara ashirin tana ɗinka kayan makaranta a shagon da yanzu ake sayar da caja, da shi ta raini 'ya'ya shida. Ta ce da an faɗa mata haka tun farko, da ta saya ba gardama. Ta ce wa jami'ar za ta riƙe abinta.

Abin da mai ɗakinsa ta faɗa bai faɗi ƙasa ba. Yayarsu ta bugo waya ta wanke shi tas, ta ce ya tona wa ɗan'uwansa asiri a gaban 'yan titi. Matar Manaja ta daina aiko yara gaisuwa. Ranar Litinin suka je ofis a mota ɗaya ba wanda ya ce wa wani ci kanka. Aka ci Manaja tara, aka ba Likita takardar gargaɗi mai hatimi, ya ninke ta ya sa ƙarƙashin kwanon kananzir. Kekuna goma sha ɗayan aka dawo musu da su tsirara, ba kwali, suka jeru a bayan shago, kowanne da takardar da hukuma ta ce a ɗaura masa a wuya.

A rana ta tara da rufewa, da hantsi, ƙofar lungu ta yi ƙara. Manaja ne, da wata tsohuwar riga. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Zaman gida ya ishe shi, gaba kuma a rufe, ba shi da wurin zuwa. Ya duba ko'ina, ba kujera sai kututturen da tsohon ke zama a kai. Ya hure ƙura ya zauna.

Likita yana kankare tambarin ƙarya daga jikin keken Dogon Tela. Ya ci gaba da aikinsa. Sun fi rabin awa a haka.

"Da ka faɗa min ranar Laraba," in ji Manaja.

"Da na faɗa maka."

"Ka bar ni na miƙa musu reza da hannuna."

"Na bar ka. Wannan ban kyauta ba."

Manaja ya yi tsaki, ya kawar da kai. Can ya tambaya wai a ina tsanin Baba yake a jikin wannan. Likita ya ce ya zo ya riƙe masa kan. Ya taso, ya tallabe shi a karkace kamar mai tsoron ya cije shi, mai ya shafar masa hannun riga. Likita ya nuna farin wurin, ya ce nan, guda biyar, daga nan zuwa nan. Manaja ya sa yatsa ya shafa. Ba abin da ya ji sai santsi.

"Ba za ka iya mayarwa ba? Ai ka san yadda yake yi."

"Tsani nasa ne."

Ya zaro ƙusa daga aljihu, ya ce wa Auta ya riƙe da kyau kada ya motsa. A can ƙarshen farin ƙarfen ya ja zane uku, ya sa lambar bana. Sannan suka tayar da keken zaune, Likita ya murza wili, keken ya yi tarinsa.

Manaja ya ce wannan ai bai gyaru ba.

Likita ya ce ya bar shi, haka yake.